DALAR AZURFA TA 1804

A ƙasashe da yawa na duniya akwai waɗansu mutane waɗanda sha'awarsu ita ce tara tsofaffin kuɗi. Ba don su kashe su ke tarawa ba, ba kuwa don rowa ba. Su kan nemi tsabar kuɗi irin na zamanin da, na zinariya da na azurfa da na tagulla, su jera cikin akwati, su rubuta sunan ƙasar da ta buga kowanne da shekarar da aka buga shi. In ɗayansu ya ji labarin wani kuɗi wanda ba shi da irinsa, ya kan yi tafiya mai nisa ya nemo shi, ya biya abin da aka ce.

A cikin dukan kuɗin da irin waɗannan mutane su ke nema a Amurka akwai wata dala ta azurfa wadda ta fi kowace suna, har su kan kira ta Sarkin Kuɗin Amurka. An rubuta 1804 a jikinta. Sa'ad da aka buga ta, matsayinta dala ɗaya ne tak. Amma cikin shekara ta 2021 aka kai guda ɗaya gwanjo, aka saye ta dala 7,680,000. To, me ya kawo wannan tsada haka? Amsar tana cikin labarinta.

Siffarta

Faɗin wannan dala kamar santimita huɗu ne, nauyinta kuwa ya kusa giram 27. In aka raba ta kashi goma, kusan kashi tara azurfa ce, sauran tagulla, domin azurfa zalla tana da taushi, ba ta jure wa yawan shafar hannu. A fuska ɗaya akwai surar wata mace mai dogon gashi, ga taurari goma sha uku kewaye da ita. Wannan mace ba sarauniya ba ce, alama ce ta 'yanci. Taurarin kuwa su ne jihohi goma sha uku waɗanda suka fara haɗuwa suka kafa ƙasar Amurka. A ɗaya fuskar akwai gaggafa ta buɗe fikafikanta. A ƙarƙashin surar macen aka buga lambobin nan huɗu, 1804.

In da maƙeri zai narkar da ita, abin da zai samu na azurfa bai wuce giram 24 ba, watau abin da zai isa a ƙera zobba kaɗan. Ashe ba azurfar ba ce ta jawo tsadar.

Abin da littafin gidan buga kuɗi ya ce

Gidan buga kuɗin Amurka na fari yana birnin Filadelfiya. An kafa shi cikin 1792, ya fara buga dalar azurfa cikin 1794. Yadda a ke buga kuɗi shi ne, a sami hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, a zana sura da rubutu da shekara a jikinsu. Sa'an nan a sa falle na azurfa a tsakaninsu, a matse da ƙarfi, sai zanen ya fito a jikin azurfar.

A zamanin nan yin hatimi aiki ne mai wuya, ga shi da cin kuɗi. Saboda haka ma'aikata ba su kan yar da hatimi don shekara ta ƙare ba, sai su yi ta aiki da shi har ya tsage. Littafin gidan ya nuna an buga dala 19,570 cikin 1804. Gaskiya ne an buga su, amma da tsofaffin hatimai aka yi aikin, don haka shekarar da ke jikinsu ta baya ce. Babu ko ɗaya a cikinsu mai lambar 1804.

Daga wannan shekara aka daina buga dalar azurfa, gama fatake suna kwashe ta zuwa ƙasashen waje, ba ta zama a hannun mutanen ƙasa. Cikin 1806 Shugaba Thomas Jefferson ya ba da umurni ya tabbatar da hanin. Aka yi wajen shekara talatin ba a buga dalar azurfa don ciniki ba.

Kyautar sarakuna

Ana nan, sai cikin 1832 Shugaba Andrew Jackson ya aiki wani mutum, sunansa Edmund Roberts, zuwa ƙasashen gabas, don ya ƙulla alkawarin ciniki da sarakunansu. Roberts ya shiga jirgin ruwa ya tafi. Cikin 1833 ya ƙulla alkawari da Sarkin Siyam, watau ƙasar da a ke kira Tailan yanzu. Cikin wannan shekara kuma ya ƙulla wani da Sarkin Maskat, Sayyid Sa'id ɗan Sultan, wanda mulkinsa ya kama daga Oman har Zanzibar. Da ya gama ya komo gida.

Da gwamnatin Amurka ta yarda da alkawuran, sai aka shirya Roberts ya koma ya kai takardun. Ba a zuwa gaban sarki hannu rabbana, saboda haka aka tara tsaraba iri iri. Cikin watan Nuwamba na 1834 aka rubuta wa shugaban gidan buga kuɗi takarda, aka ce ya shirya kowane irin kuɗi na ƙasar, guda guda, a jera cikin 'yan akwatuna masu kyau, ɗaya na Sarkin Siyam, ɗaya na Sarkin Maskat. Daga baya aka ƙara biyu, domin sarakunan Japan da Kocin-Cina, wadda ke cikin ƙasar Biyetnam ta yanzu.

Ma'aikata suka fara aiki, suka buga ƙananan kuɗin da shekarar da a ke ciki, watau 1834. Da suka zo kan dala sai suka tsaya, domin an daɗe ba a buga ta ba. Suka buɗe littafi, suka ga bugun ƙarshe cikin 1804 ne. Sai suka yi sabon hatimi, suka zana 1804 a jikinsa, suka buga 'yan kaɗan, suka ƙawata su har suna ƙyalli kamar madubi. Ta haka aka sami dala mai lambar 1804, shekara talatin bayan wucewar 1804. Guda takwas aka sani daga wannan bugu na fari.

Tafiyar Roberts

Cikin 1835 Roberts ya sake shiga jirgi da tsarabarsa. Da suka kusa gaɓar ƙasar Larabawa, sai jirgin ya hau kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, ya kafe. Roberts ya shiga ƙaramin kwalekwale tare da waɗansu mutane kaɗan, suka sha wahalar teku kwana da kwanaki, har suka isa Maskat. Sarki ya karɓe su da murna, ya aika da taimako. Jirgin kuwa ya kuɓuta, ya iso. Cikin watan Oktoba Roberts ya miƙa wa Sarki akwatinsa, wanda aka rufe da jar fata.

Daga nan suka nufi Siyam. Cikin watan Afrilu na 1836 aka ba da akwati na biyu, mai rawayar fata. Amma ciwon ciki ya riga ya kama Roberts. Suka isa Makawo, a gaɓar ƙasar Sin, nan ya rasu cikin watan Yuni. Akwatunan nan biyu da suka rage ba su kai ga masu su ba, aka komar da su Amurka. Da ya ke mutane kaɗan ne suka san wannan al'amari, sannu a hankali sai aka manta da shi.

Yadda aka fara nemanta

Cikin 1842 waɗansu ma'aikata biyu na gidan buga kuɗi suka wallafa littafi a kan kuɗin ƙasashen duniya, suka sa hoton dalar 1804 a ciki. Masu tara tsofaffin kuɗi suka gani, suka duba akwatunansu, kowa ya ga yana da ta 1802 da ta 1803, amma ba mai ta 1804. Cikin 1843 wani daga cikinsu, Matthew Stickney, ya tafi gidan buga kuɗi da kansa, ya ba da wani tsohon kuɗi na zinariya mai wuyar samu, aka yi masa musaya da guda ɗaya. Labari ya bazu, kowa ya shiga nema.

Mutane suka yi ta mamaki. Littafi ya ce an buga 19,570, to, ina suka shiga? Da ba a sami amsa ba, sai aka shiga ƙage. Waɗansu suka ce an zuba su duka a jirgi za a kai ƙasar Sin, jirgin ya nutse. Waɗansu suka ce an tafi da su wajen yaƙin da Amurka ta yi da Tarabulus, suka salwanta a can. Duk babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kwaɗayi mabuɗin wahala

Da kuɗinta ya hau, sai kwaɗayi ya kama waɗansu daga cikin ma'aikatan gidan. Wajen 1858 suka ɗauko tsohon hatimin a ɓoye, suka buga waɗansu, suka sayar. Amma aikin sata ba ya cika kyau. Dala ta ainihi tana da rubutu a kewayen bakinta, su kuwa nasu bakin sumul ya ke. Masu saye suka lura, suka yi ƙara. Aka bi aka karɓo su, aka lalatar, sai guda ɗaya aka bari.

Wannan guda ɗaya ita ce ta fi tona asiri. Masu bugun ba su yi amfani da sabon falle ba, sai suka ɗauki wani kuɗin azurfa na ƙasar Suwizalan, suka buga a kansa. In aka duba da kyau ana iya ganin burbushin zanen fari a ƙarƙashin sabon, kuɗin Suwizalan ɗin kuwa na 1857 ne. Yaya za a yi abin da aka buga cikin 1804 ya hau kan abin da ba a yi ba sai 1857? Yanzu tana ajiye a babban gidan kayan tarihi na birnin Washinton.

Duk da haka ba a daina ba. Daga baya waɗansu suka sake fitowa, an sa musu rubutun baki, har an goge waɗansunsu don su yi kamar sun daɗe suna yawo a kasuwa. Shida aka sani daga cikin irin waɗannan. In aka haɗa takwas da ɗaya da shida, goma sha biyar ke nan. Haka lissafin ya tsaya shekaru da yawa, sai cikin 2025 wata guda ta fito daga cikin kayan gādon wani gida, suka zama goma sha shida.

Ranar da gaskiya ta fito

Masana sun daɗe suna shakka. Sun lura aikin gefen dalar ba irin na 1804 ba ne, irin wanda aka fara yi ne shekaru da yawa bayan haka. Mutum biyu, Eric Newman da Kenneth Bressett, suka ɗauki nauyin bincike. Suka karanta tsofaffin takardu, suka gwada dalolin da juna, suka rubuta littafi. Sun ji labarin kyautar sarakuna, amma da ba su ga shaidar da ta gamshe su ba, sai suka rubuta cewa ba a dogara da shi.

Cikin 1962, littafin yana gab da fitowa, aka yi babban taron masu tara tsofaffin kuɗi a birnin Detroit. Sai ga wani dillali daga Landan da ɗan akwati mai rawayar fata. Da aka buɗe, ga kuɗin 1834 a jere, ga dalar 1804 a tsakaninsu. Akwatin Sarkin Siyam ne, bayan shekara 126. Gani ya kori ji.

Abin da masanan nan biyu suka yi abin koyi ne. Ba su yi gardama ba, ba su kuwa ji kunyar a ce sun yi kuskure ba. Nan da nan suka sa aka tsai da bugun littafin, suka sake rubuta wurin da suka kuskure, sa'an nan aka fitar. Mai neman ilmi na gaskiya, in shaida ta zo, ya kan bar ra'ayinsa ya bi ta.

Ita kuwa dalar Sarkin Maskat, ta ɓulla a Ingila, aka yi gwanjonta cikin 1917, daga baya ta koma Amurka. Ita ce ta fi sauran duka kyau. Cikin 1999 aka saye ta dala 4,140,000, a lokacin kuwa ba a taɓa sayen tsabar kuɗi guda da tsada haka ba. Ita ce kuma aka sake sayarwa cikin 2021.

Tsufa dabam, wuyar samu dabam

Kada yaro ya zaci kowane tsohon kuɗi haka ya ke da tsada. Ga misali. A kasuwannin Maskat ɗin nan, a zamanin Sayyid Sa'id, akwai wani kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya da a ke ciniki da shi, mai surar Sarauniya Mariya Tariza. Shi ne kuma Larabawa suka riƙa ƙetarowa da shi hamada zuwa Barno da ƙasar Hausa, inda a ke ce da shi liyar. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana canjin guda ɗaya wuri 2,500. Mata su kan yi ado da liyar, maƙeran fari kuwa su kan narkar su ƙera zobba da mundaye.

Sarauniyar ta rasu cikin 1780. Amma fatake sun riga sun saba da kuɗinta, in an sāke kamanninsa ba su karɓa. Saboda haka aka ci gaba da bugawa da lambar 1780, shekara bayan shekara, a Ostiriya da waɗansu ƙasashe, har aka buga fiye da miliyan ɗari uku. To, ga shi lambar da ke jikin liyar ta girmi ta dalar Amurka da shekara ashirin da huɗu, azurfarsu kuwa kusan ɗaya. Amma yawancin liyar kuɗinsu bai fi na azurfar da ke jikinsu da yawa ba, domin suna nan tuli. Kuɗin nan biyu sun yi tarayya a abu ɗaya: shekarar da ke jikinsu ba lalle ita ce shekarar bugunsu ba.

Abin da ke sa tsohon kuɗi tsada

Masu wannan sha'awa su kan duba abu huɗu. Na fari, yawan da aka buga da yawan da ya rage. Abin da ya yi yawa ya kan yi araha. Na biyu, lafiyar jikinsa. Wanda zanensa ya ke fes ya fi wanda ya shafe nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba su kan goge tsohon kuɗi da toka ko yashi ba, gama gugar tana cin zanen, ta rage masa daraja. In za su ɗauka ma, ta gefe su ke kamawa. Na uku, yawan masu nema. In mutum ɗari suna son abu guda, dole kuɗinsa ya hau. Na huɗu, asalinsa, watau a san hannun da ya fito da hannuwan da ya bi.

Wannan na huɗun ya kan tsare mai abu daga ɓarayi. Cikin 1967 'yan fashi suka shiga gidan wani attajiri a jihar Florida, suka kwashe kuɗin da ya tara, har da dalar 1804 guda biyu. Amma kowace guda an san ta, an ɗauki hotonta, an san 'yan tabban da ke jikinta. Duk inda aka fito da ita a fili sai an gane. An daɗe ana nema, daga baya aka same su duka biyu, ta ƙarshen cikin 1993.

Akwai kuma 'yan jabu. Waɗansu su kan ɗauki dalar 1801, su kankare lambar ƙarshe, su liƙa 4 a wurinta. Waɗansu su kan zuba baƙin ƙarfe su shafe shi da azurfa. Mai gaggawa ya kan saya yana murna ya yi tsintuwa, sai daga baya ya yi da na sani. Mai hankali kuwa ba ya cinikin biri a sama. Ya kan kai wa masana su auna a ma'auni, su duba da madubi mai ƙara girman abu, su tambayi asali.

Saboda haka, yaron da ya ga tsohon kuɗi a cikin kayan kakarsa, kada ya yar, kada ya goge, kada kuma ya ɗauka ba da izini ba. Ya roƙa a nuna masa, ya karanta rubutun da ke jiki, ya tambayi manya inda aka samo shi. Mai yiwuwa ne ba zai yi tsada a kasuwa ba. Amma zai koya masa labarin sarakuna da fatake da hanyoyin da suka bi, wannan kuwa riba ce wadda ɓarawo ba ya iya ɗauka.

Ma'anar kalmomi

Gwanjo: ciniki a bainar jama'a, wanda ya fi taya abu shi ke saye.
Hatimi: ƙarfe mai zane wanda a ke buga alama da shi.
Falle: azurfa ko wani ƙarfe da aka daddale ya yi faɗi.
Musaya: ba da abu a karɓi wani abu a madadinsa.
Jabu: abin da aka kwaikwaya don a cuci mutane.
Maƙeran fari: masu ƙera kayan azurfa da zinariya.

Tambayoyi

1. Me ya sa dalolin da aka buga cikin 1804 ba su da lambar 1804?
2. Wa ya aiki Edmund Roberts, ina kuma aka aike shi?
3. Cikin wace shekara aka ba da umurnin shirya akwatunan sarakuna?
4. Yaya aka gane dalar da ke Washinton ba cikin 1804 aka buga ta ba?
5. Me Newman da Bressett suka yi da suka ga akwatin Sarkin Siyam?
6. Don me liyar ba ta kai dalar 1804 tsada ba?
7. Faɗi abu huɗu da ke sa tsohon kuɗi tsada.
8. Shekara nawa ne tsakanin 1836 da 1962?
9. Rubuta jimla biyar a kan wannan karin magana: Kwaɗayi mabuɗin wahala.